Harɗiya a Kan Rairayi: Amsa ga Masu Raina Kokowa

Tun da wayoyin hannu suka cika aljihun samari, daga Maraɗi har Dakoro, wata magana take ta yawo a fada wurin shan shayi. Wai kokowarmu ƙarfi ce kawai da layu, ƙato ya rungumi ƙato su yi ta nishi har ɗaya ya gaji. Wai ilimin kama mutum yana can wurin 'yan jiyu-jitsu na Birazil, waɗanda ke da suna ga kowane riƙo da ɗamara ga kowane mataki. Masu wannan magana sun kalli bidiyo da yawa, amma ba su kalli ƙafafun 'yan kokowa ba. Idonsu yana kan ƙirji da damtse da guraye, alhali aikin yana ƙasa, daga ƙugu zuwa diddige.

Ba na musun abin da jiyu-jitsu yake da shi. Asalinsa judo ne, wanda Jigoro Kano ya kafa wa makaranta a Tokiyo a 1882. Wani almajirin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914, iyalin Gracie suka ɗauki abin, suka mai da hankali ga faɗan ƙasa, bayan an riga an faɗi. A 1993 Royce Gracie ya ci gasar UFC ta farko a Amurka, yana shaƙe mutanen da suka fi shi jiki, duniya ta waiwayo. Suna da shaƙar wuya daga baya, suna da murɗe gwiwar hannu da kafaɗa har mutum ya bubbuga ƙasa alamar ya sallama, suna kuma da dabarar da ta fi ba baƙo mamaki, wato mutum ya kwanta rigingine ya tsare kansa da ƙafafu, daga nan ya kife wanda ke samansa. Wannan ilimi ne, wanda ya ce ba ilimi ba ne bai sani ba.

To amma a dubi yadda suke lissafi. A dokar babbar hukumarsu, wanda ya ka da abokin karawarsa maki 2 yake samu. Wanda ya tsallake ƙafafun na kwance ya danne shi, maki 3. Wanda ya hau ruwan ciki ko ya kama baya, maki 4. Har an yarda mutum ya riƙe abokin karawa ya zauna ƙasa da kansa, ba wanda ya ka da shi, don can ya fi gwaninta. Ke nan kaye a wurinsu ƙofar shiga ce kawai, mai arha. A wurinmu kaye shi ne farko, shi ne ƙarshe. Tun da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa, wato gasar takobi, a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, har yau da jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa goma-goma, hukuncin bai sauya ba a zuciyarsa: jikinka ya taɓa ƙasa, shekararka ta tafi. Mutanen da suka daɗe suna rayuwa ƙarƙashin irin wannan doka, ai dole su san tsayuwa fiye da wanda faɗuwa ba ta ci masa komai sai maki biyu.

Ga misali daga tarihinsu su kansu. A 1951, a filin Marakana na birnin Riyo, Masahiko Kimura ɗan Japan ya kara da Hélio Gracie. Kimura ya yi ta ka da shi, kaye bayan kaye, kafin daga bisani ya murɗe masa hannu da riƙon da har yau 'yan jiyu-jitsu ke kira da sunan Kimura. Su abin da suka riƙe daga wannan rana shi ne murɗiyar. Da a filin Kantu na Maraɗi aka yi, da tun kayen farko makaɗa sun juya kiɗa.

Cikin dabarun kokowa, wadda na fi so a tsaya a kanta ita ce harɗiya ta ciki. Na san jama'a sun fi son ɗauka, a sunkuci mutum sama a nuna shi ga rana sannan a maka shi da ƙasa, fili ya ɗauki ihu. Ɗauka tana da kyan gani, amma yawancinta shaidar bambancin ƙarfi ce, kuma ba ta faruwa tsakanin gwanaye biyu sai ɗaya ya yi babban sakaci. Kamun ƙafa kuwa, a nitsa a cafko gwiwa, dabara ce ta mai sauri, yaro mai zafin nama yana iya cin sa'a da ita. Harɗiya ba ta karɓar sa'a. Wanda ya yi ta ba a kan lokacinta ba, kansa ya kayar.

Tana farawa tun kafin ƙafa ta motsa. Mutum biyu sun sunkuya, goshi ya kusa goshi, hannuwa suna ta kai da komo. Mai kallon da bai sani ba yana cewa suna ɓata lokaci. A'a, ana faɗan ciki ne. Ɗan jiyu-jitsu yana da riga mai kauri da zai riƙe, wuyanta da hannunta, ya ja ya saki yadda yake so. Ɗan kokowa ba shi da komai sai fata mai gumi da ƙura. Saboda haka abin da yake nema shi ne ya zura hannunsa ƙarƙashin hammatar abokin karawa, tafinsa ya kwanta a kan allon kafaɗa, ɗaya hannun kuma ya mallaki gwiwar hannu ko ƙeya. Wanda ya samu ciki, ƙugunsa yana iya matsowa. Wanda aka bari a waje sai ya ja ƙugu baya, ya danne hannun da ya shigo, ya jira. Kai ma yana aiki: a cusa shi ƙarƙashin haɓa ko gefen muƙamuƙi, don duk inda kan mutum ya karkata, kashin bayansa can zai bi.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ainihin gwanintar. Ba a harɗe ƙafar da ba ta ɗauke da nauyi, domin mai ita zai ɗaga ta kawai ya sauke a wani wuri, kai kuma ka rage a kan ƙafa ɗaya. Ba a kuma harɗe ƙafar da nauyi ya riga ya zauna mata daram, mutum ya kafe, domin kamar ka harɗe turken da aka binne ne. Ana neman ɗan tsakanin nan, lokacin da nauyi yake kan hanyarsa ta sauka a ƙafar amma bai gama sauka ba. Gwani ba ya jiran wannan lokaci ya zo da kansa, shi yake kiransa. Yana iya fizgar mutum gaba kaɗan, shi kuwa don kada ya kife sai ya ja da baya, to wannan ja da bayan ake so. Yana iya yin kamar zai nitsa ya kama ƙafar gaba, mai ita ya janye ta, nauyinsa duka ya koma ta baya. Yana iya zagaya shi taki biyu zuwa dama har ya saba da zagayen, a na uku ya tsaya cak. Ba da ido ake ganin wannan ba, don idon yana kallon rairayi ko kafaɗar abokin karawa. Da ƙirji ake ji, da hannun nan da ke ƙarƙashin hammata. Numfashi ma yana tona asiri, mutum ya fi rauni lokacin da yake jan iska.

Sannan ƙafa ta shiga. Tana bi ta tsakanin ƙafafunsa, ƙwauri ya naɗe bayan ƙwaurinsa, wani har yatsu yake maƙalewa a idon sawu. Masu koyo suna zaton ƙafar ce ke kayarwa, sai su yi ta fizga da ita. Ƙafar ba ta kayar da kowa, hanya kawai take tarewa. Ƙirji da ƙugu su ke kayarwa, kuma ba kai tsaye baya ake turawa ba, don nan yana da ɗaya ƙafar da zai dogara. Ana tura shi ta kusurwa, bayan ƙafar da aka ɗaure, inda ba shi da abin tokarawa. Idan an yi daidai ba a ganin ƙarfi ko kaɗan. Sai ka ga ƙato ya zauna kamar an janye masa kujera, shi kansa yana mamaki.

Akwai saura, kuma nan ne kokowa ta fi tsanani. Mai harɗiya yana kan ƙafa ɗaya, shi ma faɗuwa yake yi. Dole ya san yadda zai faɗi a kan mutum, ba tare da gwiwarsa ko hannunsa sun riga jikin wancan isa ƙasa ba, ba kuma tare da ya bari an juya shi a iska ba. Wanda aka harɗe, in tsohon hannu ne, yana da amsoshi. Zai iya matse cinyoyinsa ya kama ƙafar da ta shigo, ya ɗaga mai ita. Zai iya tsalle da ƙafar da ta rage ya bi juyin, su yi ta ɗingishi tare har wani ya rasa daidaito. Zai iya sakin jiki ya murɗa ƙugu a daidai lokacin faɗuwa, wanda ya kawo hari ya tsinci kansa a ƙasa. Yawancin gardamar da ake yi da alƙalan wasa, wa ya riga wa taɓa ƙasa, daga irin wannan take tasowa. Ɗan jiyu-jitsu in harɗiyarsa ta ƙi, sai ya faɗi abinsa ya naɗe ƙafafu ya ci gaba da wasa. Ɗan kokowa ba shi da ci gaba. Shi ya sa yake jira, shi ya sa jiran yake da tsawo, kuma wanda ya kira wannan jira ragwanci bai taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya gaban dubban mutane da sunan garinsu a wuyansa ba.

Abin da zai ba samarinmu mamaki shi ne 'yan jiyu-jitsu su ma sun san darajar ƙafa mai harɗewa. Ba a ba su maki huɗun kama baya sai sun zura diddige biyu cikin cinyoyin abokin karawa. Hikimar ɗaya ce, su a kwance, mu a tsaye. A judo kuma akwai irin wannan harɗiya ta ciki da sunanta na Japananci. Bambancin shi ne su sun rubuta, sun zana, sun jera a littafi. Rashin littafi ba rashin ilimi ba ne. Maganar layu kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba. Kowa a filin yana da nasa guru da kambu da ruwan rubutu, amma Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau shida. In laya ce ke kayarwa, ai da malaman sauran sun daɗe da gano sirrin.

Ni a ganina, babban malamin wannan dabara rairayi ne. A kan katifar roba ƙafa tana zamewa, ana iya share ta da gefen tafin ƙafa kamar yadda 'yan judo ke yi, mutum kuma yana iya janye ta cikin ƙiftawar ido. A cikin rairayi mai zurfi ƙafa nitsewa take yi. Taɗiya ta shara ba ta cika ci ba, don yashi ya rufe sawun. Amma ƙafar da aka harɗe ba ta kuɓuta da wuri, sai an ciro ta sama tukuna kafin a ja ta baya, kuma wannan ɗan jinkiri shi ne duk abin da mai harɗiya yake bukata. Rairayi ne ya sa tsayuwarmu ta zama mai faɗi da ƙasa-ƙasa, shi ya sa takunmu gajere ne, shi ya sa cinya da ƙugu suka fi damtse muhimmanci. Ƙasar Dakoro kuwa, daga Kornaka har gangaren Tarka, jigawa ce da tuddan yashi. Yaron da ya tashi yana noman gero a wannan ƙasa, yana bin dabbobi zuwa rijiya, yana danne maraƙi a yi masa magani, ya fara koyon inda nauyin jiki yake zama tun bai san sunan abin ba. Da kaka ta yi, an ɗaure dammuna, ganga ta kira a dandali, unguwa da unguwa, gari da gari, can ake gwada abin da ƙafa ta koya. Wanda ya isa zaɓen jiha a Maraɗi ya riga ya faɗi sau da yawa a gaban kawunnansa.

Duniyar faɗan keji irin na UFC da samarin ke kallo ita ma ta fara biyan kuɗin wannan ilimi. Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug, daga filin yashi ya fito, kuma a Nuwamban 2024 ya ci kambun masu nauyi na gasar ONE. Kokowar Senegal ba irin tamu ba ce sak, tasu babba har da naushi, amma tsayuwar ta yashi ce. Duk gwanintar mutum a ƙasa, sai ya iya kai abokin karawarsa can tukuna.

Abin da ke damuna ba jiyu-jitsu ba ne. Duk saurayin da ya samu inda zai koya, ya koya, zai ƙaru. Damuwata ita ce yadda agogo da gargaɗin alƙali ke neman cinye jiran da harɗiya ke rayuwa a cikinsa. Judo ta fara hana kama ƙafa da hannu a 2010 don wasan ya yi kyau a talabijin, dabaru masu yawa suka fita daga gasa. Idan muka saba raba kokowa da yawan gargaɗi maimakon kaye, za mu haifi 'yan wasa masu ture-ture don alƙali ya ga suna motsi, masu tsoron ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa. Ya kamata hukumar kokowa ta bambanta mai gudu da mai farauta, ta bar wa na biyun lokacinsa. A riƙa zuba yashi mai zurfi a filayen jihohi, kada a bar shi ya daskare ya zama daɓe. Tsofaffin 'yan kokowa da ke zaune a ƙauyukan Dakoro da Mayahi da Tasawa kuma, a je musu da waɗannan wayoyin na hannu, a sa su kama yaro su nuna inda kai yake zama da inda diddige yake shiga, a ɗauka da sunan da kowannensu yake kiran riƙon.