Jinjina ga Malaman Gidan Makama

Ba ƙaramin aiki ba ne a tsayar da 'yan firamare aji guda gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari, su yi tsit suna saurare. Ma'aikatan sashen ilimi na gidan tarihi na Gidan Makama a Kano sun ƙware a nan. Gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau karaga a 1463, su ke zagayawa da yara cikinsa ɗaki-ɗaki. Sai ka ga jami'i ya durƙusa daidai tsayin yaro, yana nuna masa ƙarfen ƙyauren, yana labarta yadda Turawa suka ci birnin a 1903. Tsara wa makarantu ranakun zuwa kuwa, don kada su yi karo, wahala ce da ba mai gani.