Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Nazarin Jigon Komowar Masoyin Ƙuruciya a Ƙagaggun Labarai

1.0 Gabatarwa

Daga cikin jigogin da marubuta ƙagaggun labarai suka fi yawan komawa gare su akwai labarin yaro da yarinya da suka tashi tare a ƙaramin gari, suka shaƙu tun suna wasan ƙasa, sai wani dalili ya raba su, bayan shekaru kuma ɗayansu ya dawo yana son a ɗora daga inda aka tsaya. Hausawa suna da karin maganar da ta dace da wannan hali, wato "da tsohuwar zuma ake magani". A bakin samari da 'yan mata ma, "tsohuwar zuma" ta zama laƙabin tsohon masoyi ko tsohuwar masoyiya.

Wannan takarda za ta duba yadda jigon ya fito a littattafai huɗu: Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Devdas na Sarat Chandra Chattopadhyay, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da Une si longue lettre na Mariama Bâ. Abin da ake son nunawa shi ne, mai komowa yakan dawo neman yarinyar da ya bari, alhali wadda zai tarar mace ce da shekaru suka canza, jama'ar gari kuma suka ba ta wani matsayi. Ƙarfin irin wannan labari ko rauninsa yana ga yadda marubuci ya yarda da wannan canji, da kuma ko ya bar macen ta faɗi abin da ke ranta.

2.0 Ginshiƙan Jigon

Jigon yana tsaye a kan ginshiƙai uku: shaƙuwar ƙuruciya, da rabuwa, da komowa. Shaƙuwar ba ta buƙatar dogon bayani, domin mai karatu ya san ta a rayuwa. Rabuwa kuwa takan zo ta hanyar kuɗi, ko asali, ko tafiya neman ilimi. Komowa ita ce wurin da ake gwada gwanintar marubuci, domin a nan ne ake ganin ko taurarinsa mutane ne masu canzawa, ko kuwa gumaka ne da aka ajiye suna jiran juna.

Akwai dalilin da ya sa ake yawan gina labarin a ƙaramin gari. A irin wannan wuri soyayya ba ta ɓoyuwa. Tun yara suna ƙanana tsofaffi ke tsokanarsu da "matar wane" da "mijin wance", a dandali an san wanda ke zuwa zance wurin wa, idan an kai kayan toshi kowa ya gani. Saboda haka idan aka raba su, wanda aka ƙwace wa yana ɗauke da ciwo biyu, ciwon rashi da ciwon kunya. A babban birni yana iya sauya unguwa ya ɓace cikin jama'a. A ƙaramin gari kuwa kullum sai ya bi ta ƙofar gidan da aka kai ta. Ke nan garin kansa tauraro ne a cikin labarin: shi ne shaida, shi ne kuma alƙali.

3.0 Jiki Magayi: Soyayyar da Ta Dawo da Sunan Fansa

Jiki Magayi yana cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A cikinsu shi ne wanda ya ɗauki soyayya da aure ya gina labarinsa a kansu, shi ya sa manazarta da dama ke komawa gare shi idan suna neman tushen littattafan soyayya na Hausa.

Labarin ya faru ne a garin Galma. Abubakar da Zainab sun tashi suna son juna, har kowa ya ɗauka aure ne kawai ya rage. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya ba dukiya amma bai ba shi haihuwa ba, ya shigo neman aurenta. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da shi, Zainab ta haifa masa ɗa namiji da ake kira Kyauta. Abubakar ya yi rantsuwa sai ya rama. Ya bar gari ya shiga duniya neman asirin da zai lalata yaron, ya kuma samu. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya jawo wa iyayensa abin kunya, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Abin lura na farko shi ne, ginshiƙan nan uku duk suna nan, amma na ukun ya juye. Abubakar ya tafi ya dawo, sai dai bai dawo don Zainab ba. Da soyayya ce ke jan sa, da bai zaɓi ɗan da ta haifa ya zama abin harinsa ba, domin babu yadda za a lalata ɗa ba a ƙona zuciyar uwa ba. Abin da ke jan sa shi ne wulaƙancin da ya sha a idon mutanen Galma, ranar da aka nuna masa cewa talaka ba ya ja da mai kuɗi. Hankalinsa ya bar kan macen da ya so ya koma kan namijin da ya kayar da shi. A nan littafin ya faɗi wata gaskiya mai ɗaci: sau da yawa abin da mai komowa ke kira tsohuwar soyayya, tsohon miki ne da bai warke ba.

Abu na biyu shi ne dabarar suna. An kira yaron Kyauta saboda an same shi bayan dogon jira, sai ga shi kyautar ta zama sanadin mutuwar wanda aka ba. Sunan littafin ma karin magana ne da ake yi wa wanda ya ƙi jin gargaɗi, wato jikinsa ne zai gaya masa. Jikin Malam Shehu ya gaya masa sakamakon ƙwace da ƙarfin dukiya, shi ma Abubakar bai ci ribar abin da ya shuka ba.

Raunin littafin yana wajen Zainab. Ita ce sanadin rikicin, amma da zarar an ɗaura aure sai labarin ya bi maza: tafiyar Abubakar, da baƙin cikin Malam Shehu, da yawon Kyauta. Mai karatu zai so ya san yadda mace ke zama da mijin da kuɗi ya ba shi ita, a garin da tsohon saurayinta ya zama abin nuni. Marubutan ba su tsaya a kan wannan ba. Zainab ta fi kama da abin da ake jayayya a kansa fiye da mai ra'ayin kanta.

4.0 Devdas: Mai Komowa da Ya Makara

Ba baƙon abu ba ne a kawo labarin Indiya cikin nazarin adabin Hausa, domin Hausawa sun daɗe suna kallon finafinan Indiya, kuma manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin tasirinsu a kan littattafan soyayya da finafinan Hausa. An buga Devdas da harshen Bangali a 1917, an kuma mayar da shi fim sau da yawa. Waɗanda suka fi shahara su ne na Bimal Roy a 1955, wanda Dilip Kumar ya fito a ciki, da na Sanjay Leela Bhansali a 2002, wanda ya haɗa Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit.

A littafin, Devdas ɗan masu ƙasa ne a wani ƙauye, Parvati kuma, wadda ake kira Paro, 'yar maƙwabtansu ce da ba su kai su arziki da asali ba. Sun yi wasan yara tare, aka tura shi Kalkata karatu, da suka girma shaƙuwar ta zama soyayya. Gidan su Devdas suka ƙi maganar aure. Paro ta sayar da kunyarta ta je ɗakinsa da dare tana neman ya tsaya mata, shi kuwa ya kasa, ya gudu Kalkata, ya aiko mata da wasiƙar janyewa. Da nadama ta kama shi ya dawo, ya tarar an tsayar da aurenta da wani attajiri mai shekaru wanda matarsa ta rasu ta bar 'ya'ya. Ta ƙi sauraronsa, ya doke ta a goshi ya bar mata tabo. Daga nan ya faɗa shan giya. Ya yi mata alkawarin zai zo ya gan ta kafin ya mutu, ya kuma cika alkawarin ta hanyar mutuwa a ƙofar gidan mijinta, aka hana ta fita ta ga gawarsa.

Ƙashin bayan labarin ɗaya ne da na Jiki Magayi: masoyan ƙuruciya, da attajirin da ya auri yarinyar, da saurayin da ya kasa haƙura. Bambancin shi ne inda dafin ya zuba. Abubakar ya zuba nasa a kan ɗan wani, Devdas ya zuba a cikinsa. Akwai kuma bambanci wajen laifi. Abubakar ƙwace aka yi masa, Devdas kuwa an miƙo masa ya kasa karɓa. Wannan ya sa bai kamata ɗalibi ya ɗauke shi a matsayin gwarzon masoyi ba, duk da irin kwalliyar da fim ɗin 2002 ya yi masa. Tabon da ya bar wa Paro ya nuna tunaninsa: yana ganin ta a matsayin kayansa da ya kamata ya sa wa alama. Duk da haka Devdas ya fi Jiki Magayi adalci ga mace, domin Paro ta yi magana, ta yi yunƙuri, ta kuma riƙe gidan mijinta da mutunci a lokacin da shi ke rushewa.

5.0 Idan Mace Ta Sami Bakin Magana

Da mata suka ɗauki alƙalami sai jigon ya sauya fuska. A Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fito a 1990, Abu yarinya ce 'yar ƙauye da aka cire daga makaranta. Ahmadu, wanda aka yi mata alkawarin aurensa tun suna yara, ya tafi karatu, da ya dawo sai ya ce ba zai auri jahila ba. A nan ma akwai tafiya da komowa, amma mai komowar ne ya ga ya fi ƙarfin abin da ya bari. Aka aurar da Abu dole ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Muhimmin abin da Balaraba ta yi shi ne ta bi yarinyar, ba ta bi saurayin ba. Shekarun da Jiki Magayi ya tsallake a rayuwar Zainab su ne wannan littafi ya cika da labari, har tambayar da ke jikin sunansa ta koma kan waɗanda suka yi ta.

Littafin Mariama Bâ na 1979, wanda ɗaliban ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka sani tun daga sakandare, ya kai maganar ƙarshenta, ko da yake a Dakar aka gina shi, ba a ƙauye ba. Bayan rasuwar Modou, wanda ya yi watsi da Ramatoulaye da 'ya'ya goma sha biyu ya tare a wurin amarya, sai Daouda Dieng ya dawo neman aurenta. Shi ne manemin da mahaifiyarta ta fi so tun tana budurwa, ga shi likita, ɗan majalisa, mai mutunci. Duk sharuɗɗan labarin da zai ƙare da biki sun cika. Amma ta ƙi, bisa dalilai biyu: tana girmama shi amma zuciyarta ba ta son sa, kuma yana da mata da 'ya'ya, ba za ta ɗanɗana wa wata abin da aka ɗanɗana mata ba. Wannan amsa ta mace ce da ta auna shekarun da suka wuce, ta ƙi yarda a ɗauke ta kamar ba ta rayu a cikinsu ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa littattafan huɗu sun taɓa jigo ɗaya, amma babu wanda ya mayar da masoyan inda suka tsaya. Abubakar ya dawo da fansa, Devdas ya dawo a makare, Ahmadu ya dawo da raini, Daouda ya dawo da mutunci amma bai sami karɓuwa ba. Wannan ba ya nufin labarin da ya ƙare da aure ba shi da daraja. Sharaɗin dai shi ne marubuci ya nuna cewa mutanen biyu sun sake sanin juna a yadda suke yanzu, kuma an tambayi macen ta amsa da bakinta. Idan babu wannan, labarin ya zama mafarkin namiji kawai, wanda ke so lokaci ya tsaya masa. Zuma takan daɗe ba ta lalace ba, amma mutum yana canzawa.

Domin ƙarin nazari, ana son ɗalibi ya zaɓi littafin soyayya ɗaya ko fim ɗin Hausa ɗaya mai wannan jigo, ya amsa tambayoyi uku. Mene ne ya raba masoyan, kuma wa ya amfana da rabuwar? Wanne daga cikinsu labarin ya bi a shekarun rabuwa, wanne ya bari a gefe? A ranar komowa, wa ya yanke hukunci: saurayin, ko macen, ko mutanen gari?