Mitar haske a fadamar Baturiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ruwan kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadamar Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, tsuntsayen da suka gujo wa sanyin Turai kan sauka su gauraya da na gida, su ƙirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Tun 2008 aka sa wurin cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya. Ga mai ɗaukar hoto da fim kuwa, da wuya a sami inda haske ke yaudara kamar nan. Ga shi fim ɗaya hoto 36 ne kacal, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke.

A nan tsohuwar mitar haske ta hannu ke biyan kuɗinta. Ɗauki Weston Master V, wadda aka ƙera a Ingila a shekarun 1960. Tafin hannu ya ishe ta, kuma ba ta cin batir. Wani faranti ne na sinadarin seleniyam a bayanta ke mai da haske ya zama 'yar wutar da ke motsa allura. Ka saita ƙarfin fim, misali ASA 100, ka duba lambar da allura ta tsaya, ka juya faifai zuwa kanta, sai ga jerin zaɓi: faɗin idon kyamara da saurin ƙiftawarta, biyu-biyu. Wannan kam yaro ma zai iya kafin la'asar.

Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin inda za a nuna ta. Mita ba ta san ruwa ba, ba ta san tsuntsu ba. Duk abin da ta kalla, ɗauka take yi toka-toka ne, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Ka nuna ta ga ruwan da rana ke walƙiya a kai, sai ta ce haske ya yi yawa, a tsuke ido, ƙirinjijiyarka ta fito baƙa wuluk. Ka nuna ta ga duhun inuwar goruba da balbela ke tsaye a gabanta, sai ta ce a buɗe, farin gashin ya ƙone fat, ko layi ɗaya ba za a gani ba.

Gwani ba ya gardama da ita. Sai ya karkata ta ƙasa, ya kare ta daga sama, ya auna koriyar ciyawar da ke ƙarƙashin hasken da tsuntsun ke ciki, don ciyawa ta yi kusa da tokar da mita ke nema. Ko kuma ya ɗora mata wata farar hula da ake kira Invercone, ya juya ta ta fuskanci wajen kyamara, ya auna hasken da ke zubowa kai tsaye. Ni wannan ta biyun na fi yarda da ita a bakin ruwa, domin walƙiya ba ta ruɗa ta. Idan hazo ya sauko kuwa, inuwa ta yi laushi, dole a sake awo, na safe ba ya aiki da hantsi.

Seleniyam yana gajiya da tsufa, danshi kuma maƙiyinsa ne. Don haka ake gwada tsohuwar mita da rana tsaka, sama garau: da fim ASA 100, ya kamata ta nuna faɗin ido f/16 da saurin ƙiftawa 1/125 ko kusa da haka. In ta kauce da mataki guda, ba a yar da ita, a faifan ASA ake gyara kuren. Da an gama awo a mayar da ita jakarta ta fata, musamman a cikin kwalekwale.