Waƙoƙin da Suka Yi Takwara

Waƙoƙi ma suna yin takwara kamar yadda mutane ke yi. Akan sami waƙa biyu ko uku masu suna ɗaya, alhali baitocinsu da kiɗansu da mawaƙansu duk daban ne. Wannan ya bambanta da sake rera tsohuwar waƙa, kamar yadda Celine Dion ta yi a 1993 da waƙar Jennifer Rush, domin a can waƙar ɗaya ce, murya ce kawai ta sauya.

Dalilai biyu ne suka fi jawo hakan. Na farko, dokar haƙƙin mallaka a Amurka ba ta kare sunan waƙa, sai baitoci da karin sauti, saboda haka kowa na da ikon ɗaukar sunan da wani ya riga ya yi amfani da shi. Na biyu, mawaƙa sun fi son gajeren suna mai saurin zama a baki, jigoginsu kuwa ba su cika wuce soyayya da kewa da rawa ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne "The Power of Love". Tsakanin 1984 da 1985 waƙoƙi uku masu wannan suna suka yi tashe a Ingila: ta Frankie Goes to Hollywood, da ta Jennifer Rush, da ta Huey Lewis and the News. "Crazy" kuwa ta ratsa zamuna. Patsy Cline ta rera tata a 1961 da salon kiɗan karkarar Amurka, Seal ya fitar da tasa a 1990, Gnarls Barkley suka biyo baya a 2006.

Takwarar da ta fi cancantar nazari ita ce "Zombie", kalmar da ke nufin gawar da ke yawo ba tare da hankalin kanta ba. Fela Kuti ya yi tasa a Legas da kiɗan Afrobeat, inda ya siffanta sojoji da masu bin umarni ido rufe, kuma a watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta. A 1994 ƙungiyar The Cranberries ta ƙasar Ireland ta fitar da tata, bayan harin bam na garin Warrington a 1993 wanda ya kashe yara biyu. Kiɗan biyu ba su yi kama ba ko kaɗan, amma kowacce tir take yi da masu ɗaukar makami ba tare da tunani ba.

A waƙar baka ta Hausa, takwara kan zo ne daga al'ada. Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata ma yana da tasa, domin sunan matsayi yake nunawa, wato waƙar da makaɗi ke kirarin kansa a cikinta, yake nuna fifikonsa a kan abokan sana'a.

Inda aka ji tsoron ruɗani, akan yi wa suna ƙari. Haka Pointer Sisters suka yi wa waƙarsu "Jump" a 1984, saboda ta Van Halen tana tashe a lokacin. A yau kowace waƙar da aka naɗa don kasuwa tana samun lambar shaida ta ISRC mai haruffa da alƙaluma 12, wadda kamfanoni ke dogara da ita wajen bambance takwarori da biyan kowane mai waƙa haƙƙinsa.