Hukuma, Al'ada da Mai Bincike: Sharhi a Kan Littattafai Uku Game da Kotunan Gacaca na Ruwanda

1.0 Gabatarwa

Daga watan Afrilu zuwa Yuli na shekarar 1994 an hallaka mutane kimanin 800,000 a ƙasar Ruwanda, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Bayan ƙura ta lafa, gidajen yarin ƙasar sun cika da waɗanda ake tuhuma har kimanin 120,000, alhali alƙalai da lauyoyi da dama sun mutu ko sun yi gudun hijira. Kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a Arusha ta Tanzaniya kuwa, mutum 93 kacal ta tuhuma kafin a rufe ta a 2015. Wannan ne ya sa gwamnati ta ɗauko sunan wata tsohuwar al'adar sasanta rigima mai suna gacaca (ana furta harafin c ɗinta kamar na Hausa) ta kafa kotunan ƙauye fiye da 12,000, waɗanda suka saurari ƙararraki kusan miliyan 2 tsakanin 2002 da 2012. Manufar wannan maƙala ita ce auna littattafai uku da aka rubuta a kan waɗannan kotuna, domin a ga yadda hannun hukuma da al'adun mutanen ƙasar suka yi tasiri a kan abin da kowane marubuci ya iya gani.

2.0 Suna Ɗaya, Abu Biyu

Asalin kalmar gacaca wata gajeriyar ciyawa ce da ake zama a kanta. A da, dattawan dangi su ne ke taruwa su warware saɓanin gona, ko na shanu, ko na aure da gado, kuma abin da ake nema shi ne a komo a zauna tare. Filip Reyntjens ya bayyana yadda al'adar take a wata maƙala tun a 1990, watau kafin kisan ƙare dangin. Ita kuwa gacaca ta bayan 2001 rubutacciyar doka ce ta haife ta. Zaɓen alƙalanta aka yi, har da mata a cikinsu, aka laƙaba musu suna inyangamugayo, ma'ana mutanen kirki masu amana. Suna da ikon ɗaurin rai da rai, ba a yarda lauya ya tsaya wa kowa ba, kuma daga baya halartar zama ya zama dole. Daɗin daɗawa, dokar 2004 ta cire laifuffukan yaƙi daga hurumin kotunan, saboda haka ba su saurari ƙarar kashe-kashen da ake zargin sojojin RPF, jam'iyyar da ta karɓi mulki a 1994, da aikatawa ba. Duk mai binciken da ya ruɗu da sunan, ya ɗauka al'adar kaka da kakanni yake nazari, to ya yi tuntuɓe tun a bakin ƙofa.

3.0 Littattafan Uku

Littafin Phil Clark, The Gacaca Courts, Post-Genocide Justice and Reconciliation in Rwanda (2010), ya fito ne a matsayin martani ga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka auna kotunan da ma'aunin shari'ar Turai suka ce sun gaza. Hujjarsa ita ce jama'a sun mayar da zaman gacaca dandalin faɗin gaskiya da neman gafara da huce takaici, abubuwan da lauya ba ya lissafawa. Nan ƙarfin littafin yake, domin ya tilasta wa masana su tambayi abin da mutanen ƙauye suke nema. Rauninsa kuwa shi ne yawan dogaro da abin da mutane suka faɗa da baki. A ƙasar da aka kafa dokar hukunta aƙidar kisan ƙare dangi a 2008, dokar da ma'anarta ke da faɗi ƙwarai, manomin da baƙo ya tambaya ko ya yafe wa maƙwabcinsa ya san amsar da ba za ta jawo masa tsangwama ba.

Susan Thomson ta bi ta wata hanya daban a littafinta Whispering Truth to Power (2013). Ta tattara tarihin rayuwar talakawa 37 a kudancin ƙasar, ta nuna cewa da yawansu suna bin shirin haɗin kai da sulhu na gwamnati ne a zahiri, a ɓoye kuwa suna bijire masa ta hanyar yin shiru, da janye jiki, da yin biyayya ta gatse. A 2006 hukuma ta dakatar da bincikenta, ta kuma tura ta zaman sake tarbiyyar siyasa. Wannan abin da ya same ta shi kansa hujja ce a kan yadda mulki ke shata wa ilimi iyaka. Sai dai mutum 37 ba za su wakilci ƙasa ba, kuma wanda ya fita neman masu ƙorafi, su zai samu. Haka nan akwai hatsarin fassara kowane shiru da tawaye, alhali wani shirun na tsoro ne, wani na gajiya, wani kuma na kunya.

Littafin Bert Ingelaere, Inside Rwanda's Gacaca Courts (2016), ya fi sauran biyun kafa ƙafa a ƙasa, domin shi da mataimakansa 'yan ƙasar sun halarci shari'u kusan 2,000 suna rubuta abin da ya gudana. Ya gano cewa zaman ya fi kama da gurfanar da mai laifi fiye da sasantawa, kuma shaida takan karkata wajen mai ƙarfi a ƙauye. Muhimmiyar gudummawarsa ita ce kula da al'adar magana. A wurin Banyaruwanda, iya ɓoye abin da ke zuciya da auna magana gwargwadon matsayin mai sauraro alama ce ta hankali, abin da suke kira ubwenge. To ga shi doka ta ce kowa ya tsaya a bainar jama'a ya fallasa kansa ko maƙwabcinsa, wanda ya amsa laifi a rage masa hukunci. Ke nan kotun da aka ce ta gargajiya ce ta ci karo da gargajiyar kanta. Abin da za a iya ɗora wa wannan littafi shi ne, rubutaccen bayanin zama ba ya nuna abin da ya biyo baya a gona da kasuwa bayan shekaru.

4.0 Matsalar Kalma

Akwai wani giɓi da ya shafi fagen baki ɗaya. Da Turanci aka rubuta littattafan, hirarrakin kuwa galibi da Kinyaruwanda aka yi su ta bakin tafinta. Kalmar da hukuma ke yayatawa ita ce ubwiyunge, watau sulhu, amma akwai kuma kubana, watau zama tare kawai. Mai karatun Hausa ba zai sha wahalar gane bambancin ba, domin ya san sulhu daban, yafiya daban, haƙuri daban, zaman doya da manja kuma daban. Idan aka tura waɗannan duka cikin kalmar Turanci guda, sai a ƙirga wanda ya haƙura don ba shi da yadda zai yi a cikin waɗanda suka yafe. Yawancin saɓanin da ke tsakanin masu yabon gacaca da masu sukarta daga nan ya samo tushe.

5.0 Kammalawa

An ga cewa marubutan uku sun bambanta ne gwargwadon inda kowannensu ya tsaya: Clark ya saurari abin da aka faɗa, Thomson ta bi sawun abin da aka ɓoye, Ingelaere kuma ya zauna ya kalli abin da aka aikata. Ba a cin moriyar ɗayansu sosai sai an haɗa da sauran biyun, ko da yake hanyar Ingelaere ta fi cancantar koyi. Darasin ya shafi ɗaliban da ke nazarin sulhun masu unguwanni da hakimai, ko Zauren Sulhu da aka kafa a Kano zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, domin can ma hukuma ce ta ari sunan al'ada. Wajibi ne mai bincike ya bayyana wanda ya ba shi izinin shiga gari, da wanda ya zaɓo masa mutanen da ya tattauna da su, da wanda ke zaune a zauren lokacin hirar, da ainihin kalmar da aka amsa masa da ita kafin a fassara. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma rahoton da bai rubuta inda aka yi shiru ba, rabin hirar kawai ya kawo.