Tudun Buntu a Bayan Injin Shinkafa

Duk wanda ya ratsa ta bayan injinan casar shinkafa a Gashuwa ko Nguru bayan an yi girbi, ya san tudun da nake magana a kansa. Buntu ne jibge, wani wurin ya fi tsayin mutum. In ya ishi mai injin sai ya sa yaro ya cinna masa wuta. Shi kuwa buntu ba ya ci da harshe kamar kara, cin ciki yake yi, ya kwana ya wuni yana hayaƙi. Iskar hunturu ta kwaso tokar ta watsa mana a ido, a shanya, a kwanon abinci. Mai asma ba ya barci. Sama ka ga toka ta yi fari kamar ta huce, ƙasa kuwa garwashi ne, yaro ya taka ya ƙone. Mu mutanen Hausari da Zango da unguwar Sarkin Hausawa mu ne maƙwabtan injinan nan, kuma da yawansu namu ne. Shi ya sa ba zan je nesa neman mai laifi ba.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A kowane kilo 100 na samfarera, kusan kilo 20 buntu ne, dusa kuma wajen kilo 8 zuwa 10. Ke nan in an cashe buhu biyar, nauyin buhu guda cur ya tafi bayan injin. An biya kuɗinsa a gona, an biya ɗan dako, an biya mota daga fadama zuwa gari, an ƙona man gas wajen ɓare shi, sannan a ƙarshe a biya mai kura ya kwashe shi ko a banka masa wuta. Wane ɗan kasuwa ne zai sayo kaya biyar ya ƙona ɗaya da hannunsa, kullum, kuma ya ce sana'a yake yi?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, taku kaɗan daga tudun nan za ka tarar da mata suna turara shinkafa a manyan tukwane da rabin duro, da itacen da suka saya da tsada. Mai gidan burodi itace. Mai bandar kifi itace. Kuma a ina? A arewacin Yobe, inda in ka nausa Yusufari za ka ga tuddan yashi na Tulo-Tulowa da idonka, ba labari ba. Jiharmu na cikin jihohi 11 da ake yi wa shirin dasa katangar itatuwa saboda hamada. Ana dasa dogonyaro da ƙaro da hannun dama, ana sare wasu da hannun hagu don a dafa shinkafa, alhali makamashin da zai dafa ta yana manne a jikinta. Kilo biyar na buntu zafinsa ya kusa na kilo huɗu na busasshen itace. Tunda turarawa ake fara yi kafin casa, buntun jiya shi ya kamata ya turara shinkafar yau.

Wallahi ba a haka muka gaji sana'a ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, kakanninmu suka biyo shi da cinikin gyaɗa da fata da ƙaro da shanu, suka zauna cikin Mangawa da Badawa har muka zama 'yan gida. Dubi yadda iyayenmu mata ke yi da gyaɗa. A matse mai a sayar, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, ɓawon ya shiga murhu, harawa ta tafi garke, tokar murhun ma a tace ta. Me ya rage? Babu. Ko kamfanin man gyaɗa na Nguru da kowa ke ambata in an tashi maganar masana'antu, ai irin wannan kamfani da ƙafa biyu yake tsayuwa, man da kuma dusar da ta rage wadda ake sayar wa masu kiwo. Sai da muka koma shinkafa gadan-gadan, musamman bayan shirin ba manoma rance na 2015 da rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, injina suka yawaita, sannan muka koyi zubar da kaya muna kiransa shara.

Asalin ɓarnar a cikin injin take, ba a bayansa ba, kuma nan ne nake da magana da masu injin. Yawancin ƙananan injinanmu irin na ƙarfe ne mai ci sau ɗaya: ka zuba samfarera, ya ɓare ta ya goge ta a lokaci guda, ya tofar da buntu da dusa da gutsattsarin shinkafa a cakuɗe. Dusar shinkafa zalla abinci ce mai kyau ga kaji da tumaki da kifi, har mai ake matsa daga cikinta a Indiya da Japan. Amma da zarar ta gauraya da buntu ta lalace, domin buntu cike yake da wani abu mai kama da yashi wanda cikin dabba ba ya narkarwa. Shi kuma buntun, da ya fito shi kaɗai da ya fi daɗin ƙonawa. Ka ga an haɗa kaya biyu masu kuɗi an mayar da su ɗaya mara kuɗi. Akwai injin mai tayoyin roba da ke ɓare buntu daban, wani sashen ya goge dusa daban, kuma ba ya farfasa shinkafa kamar na ƙarfe. Ya fi tsada, robar kuma tana cinyewa, gaskiya ne. Sai dai ba tsadar kaɗai ke hana sayensa ba. Mai injin kuɗin buhu yake karɓa. Ko shinkafarka ta fito tsala-tsala ko ta fito rabi tsaki, kuɗinsa ɗaya ne. To me zai dame shi? Asarar ta mai kaya ce, hayaƙin kuma na maƙwabta.

Kada ma in tsallake masu niƙa buntu su cakuɗa a dusa su sayar wa Bafulatani ko matar da ke kiwon ragon layya a gida. Su a ganinsu sun ci riba da shara. Wannan algus ne, malam, ba dabara ba. Rago ya ci ya cika ciki, wata biyu ba ya ƙara tsoka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba duka ce ƙarya ba. Za a ce ai ana amfani da shi, masu kaji na ɗiba su shimfiɗa, magina na kwaɓa shi da ƙasa. Haka ne, amma da abin da suke ɗiba ya kai, da ba mu ga tudu ba. Za a ce buntu ba shi da nauyi, ka cika mota fal ba ka ɗauki na kuɗin mai ba. Wannan ma haka ne, kuma shi ne dalilin da ya sa dole a ci moriyarsa a nan inda aka same shi, ba a jira wani Alhaji daga Kano ya zo ya saya ba. Mata kuma za su ce sun gwada zuba shi a murhu, hayaƙi kawai yake yi ya kashe wuta. Gaskiyarku, iyayenmu, murhun duwatsu uku ba nasa ba ne. Yana son murhun da iska ke shiga ta ƙarƙashi, buntun na gangarowa kaɗan-kaɗan, toka na zubewa ƙasa. Aikin falange ne da ƙusa, bai fi ƙarfin maƙeran da ke ƙera mana kurfoti da akwatin ƙarfe daga tsohon duro ba. Manyan kamfanonin shinkafa na Kano da Kebbi da buntu suke hura tukunyar tururinsu. A jihar Bihar ta Indiya, tun wajen 2008 kamfanin Husk Power Systems ya riƙa ba ƙauyuka wutar lantarki da iskar gas da yake fitarwa daga buntu. Mu kuwa ga injinanmu na shan man gas da ɗan karen tsada, ga wutar NEPA sai an ga dama.

Hukuma ma tana da nata kason. Ƙaramar hukuma ta san ƙofar kowane injin in lokacin karɓar haraji ya yi, amma ba ta san bayansa ba. Duba-gari in ya zo, iyakarsa ya ce a kwashe, ba ruwansa da inda za a kai. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, da sashen koyar da aikin gona. Murhun buntu, da curin gawayin buntu da ake haɗawa da sitaci, da buntun da aka babbaka rabi ana zuba wa ƙasa mai yashi irin tamu don ta riƙe ruwa, duk abubuwa ne da ɗalibi zai iya gwadawa a ƙofar injin, jama'a na kallo, maimakon a rubuta a ajiye a kanta.

Mun iya zama a majalisa mu la'anci kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, mu ce dattinsu na bin kogin Haɗeja ya gangaro mana. Ba laifi mu faɗa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, mu kuwa namu tudun har hayaƙi yake yi. Masu injin suna da shugabanni, mata masu turara sun san junansu, maƙera suna bakin kasuwa, mai unguwa kuma yana iya tara su a zaure ɗaya. Kafin shinkafar bana ta shigo, a ƙera murhu ko da guda uku ne, a kafa su kusa da injin ɗaya, a ba mata buntu kyauta na wata guda, sannan a zauna a ƙirga kuɗin itacen da ba su kashe ba.