Dokokin Zance da Ba a Rubuta Ba

A shekara ta 2005 aka buga wani littafi a Amurka mai suna Unwritten Rules of Social Relationships, wato dokokin zaman tare da ba a rubuta ba. Mutum biyu suka rubuta shi: Temple Grandin, malamar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, da Sean Barron, ɗan jarida. Dukansu biyu suna da otizim, wani hali na ƙwaƙwalwa da mutum yakan taso da shi, wanda yakan sa hira ta yi masa wuya. Mai otizim yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, habaici ya wuce shi, bai kuwa cika gane sa'ad da abokin zance ya gaji ba.

Amfanin littafin a fili yake. Abin da sauran yara sukan tsinta ba tare da koyarwa ba, marubutan sun shimfiɗa shi cikin dokoki goma. Sun nuna cewa faɗin gaskiya dabam ne da iya faɗinta, fara'a kuma ba ita ce abuta ba. Grandin, wadda aka haifa a 1947, ta yaba horon gidansu, inda aka koya mata ladabi da jiran lokacinta cikin wasa. Barron kuwa ya fi ba da labarin tsoro da fushin da ya yi fama da su. Ta haka mai karatu zai ga masu otizim ba ɗaya suke ba.

Duk da haka littafin yana da kasawa, gama ya ɗora yawancin kayan a kan mai otizim: shi zai koya, shi zai gyara. A 2012 Damian Milton, masani ɗan Ingila wanda shi ma yana da otizim, ya bayyana cewa rashin fahimtar daga gefe biyu yake. Yadda mai otizim yake kasa gane mutane, haka su ma suke kasa gane shi. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Har wa yau, dokokin ladabi sukan bi ƙasa. A Amurka ana so yaro ya dubi idon mai magana, a ƙasar Hausa sunkuyar da kai gaban babba shi ne kunya. A nan, doguwar gaisuwa ita ce jarrabawa, wanda ya gajarta ta sai a ce ba shi da tarbiyya.

Littafin zai taimaki iyaye da malamai, in dai sun ƙara wa kansu doka ta goma sha ɗaya: su yi magana a fili, su jira amsa da haƙuri.